Ƙarfen da Ya Ƙi Lalacewa

Litinin, 8 ga Satumba, ƙarfe 6:40 na safe

Na samu jika! Mace ce. Matata Hembadoon ce ta kira daga Tse-Agbera, tana kuka tana dariya, da ƙyar na tsinci maganarta. Ta ce, "Tsoho, tashi, Nguavese ta sauka lafiya." Na ce ai a tsaye nake. Ta ce, "To zauna, kada ka faɗi ka ja mana aiki biyu."

Na fita tsakar gida da zani a kafaɗa na taka rawa, daga ni sai kaji. Shekarata hamsin da takwas, gwiwata ta hagu ba ta son wasa, amma yau ba ta ce uffan ba. Maƙwabta suka leƙo ta katanga suna tambayar ko lafiya. Na ce musu 'yar da ta rage mini ta haifa mini amarya.

Malamar da ta koya mana karatu a ajin yamma, lokacin ina ɗan shekara arba'in, ta ce duk abin da ba a sa masa rana da lokaci ba zance ne kawai. Shi ya sa na ɗauko wannan sabon littafi. Ni Orngu Tyokyaa, mai gyaran janareto da batir na ƙarafan sabis ɗin waya a shiyyar Adikpo, yau na zama kaka. Ga rana, ga lokaci.

Litinin, ƙarfe 5 na yamma

Ban gan ta ba.

Na yi lissafi cewa ɗakin shan maganin da ta haihu a ciki na gwamnati ne, ba gidan kowa ba, don haka zan iya shiga. Ina ɗaure takalmi wayar aiki ta yi ƙara: lamba 12, hanyar Vandeikya, injin sanyaya ɗakin na'ura zai tsaya kafin azahar. Bai tsaya ba tukuna, wai zai tsaya. Na je, na tarar da belinsa saura zare uku ya tsinke. Kafin in gama, an sallame su sun koma gida.

Gidan kuwa, to.

Alhamis, 11 ga Satumba, ƙarfe 1 na rana

Bari in rubuta yadda aikinmu ya koma, don jikata ta karanta wata rana ta san kakanta ba malalaci ba ne.

Da can, kowane ƙarfe ana zuwa masa duk mako biyu, ko yana ciwo ko ba ya ciwo. Ƙarafa tara ne a hannuna. Tun watan Yuli kamfani ya kawo ƙirƙirarriyar basira, wata na'ura mai tunani da ke zaune a babban ofis tana sauraren numfashin kowane janareto da zafin kowane batir. Ita ke cewa wane zai lalace, yaushe, wa zai je. Mu a nan Mai Duba muke ce mata. An daina zagaye. Har makullin shingen ma sai ta turo takardar aiki a waya yake buɗewa.

Ba zan yi mata ƙarya ba, ta iya aiki. Bara a irin wannan damina sabis ya ɗauke a shiyyarmu sau goma sha wani abu. Bana sau biyu. Da naƙuda ta kama Nguavese, kira ɗaya aka yi ungozoma ta ɗauka.

Lamba 47 yana kan tudun Tse-Agbera. Daga shingensa zuwa bayan gidan Terkimbi, mijin 'yata, taku sittin ne. Shekara uku ke nan, duk ranar zagayena, in na gama aiki sai in zauna a inuwar ɗakin janareto, ita kuma ta hauro da sakwara da miyar genger a kwano, ta miƙo mini ta ƙofar shinge, mu yi hira. Filin na kamfani ne. Ba wanda zai ce na taka inda na ce ba zan taka ba.

Rabona da 47 tun 11 ga Yuli. A wayata kowane ƙarfe yana da ɗigo: kore lafiya, rawaya a shirya, ja a ruga. 47 kore ne.

Juma'a, 12 ga Satumba, ƙarfe 7 na safe

47 kore.

Lahadi, 14 ga Satumba, ƙarfe 2 na rana

Hembadoon ta turo hoto. Na ƙara girmansa da yatsa har ya dushe. Kunnuwana ne! Wallahi kunnuwana ne, masu fitowa kamar hannun tukunya. Na nuna wa duk wanda ya tsaya a ƙofar coci, har Fasto ya ce, "Baba Orngu, sau uku ke nan kana nuna mini."

Sun sa mata suna Mimidoo. Na rubuta shi a bayan littafin nan layi bakwai, kamar yadda ake sa mu a aji. Mimidoo. Yana da daɗin rubutawa, alƙalami ba ya tuntuɓe.

Na tambayi Hembadoon ko za su kawo ta Adikpo. Ta ce ungozoma ta hana mai jego hawa babur a kan wannan hanya, ta zubar da jini da yawa. Sai ta ce, "Yau Lahadi, ba ka da aiki. Kilomita talatin da takwas ne." Na ce sabis yana yankewa, ba na jin ta. Ta ce, "Ƙarya kake, kai ka gyara shi."

Mace ba za ta gane ba. Mutumin da ya je da takardar aiki, aiki ne ya kai shi. Wanda ya je hannu sake, kowa a garin ya san abin da ya kai shi. Kuma a gaban mutanen garin na rantse cewa ƙafata ba za ta sake taka gidan Terkimbi ba.

Laraba, 17 ga Satumba, ƙarfe 12:30 na rana

Muna cin akpukpa, irin alalar mutanenmu, a gindin lamba 30 ni da Ochigbo, abokin aikina mai hawa sama. Ba-Idome ne, bakinsa ba ya hutu. Ya kama ni ina leƙa waya.

"Tsohon Tibi, me kake nema a ciki? Doya?"

"Ina duba aiki."

"Aikin 47? Shekara ashirin ina wannan sana'a, ban taɓa ganin makanikin da ke roƙon Allah janareto ya mutu ba sai kai."

"Ci abincinka."

"Laifinka ne ai. Sauran ƙarafa takwas kana yi musu aikin albashi, wancan kuwa ka mai da shi amarya. Ka goge, ka shafa, ka sauya tiyon da bai tsufa ba. Na taɓa ganin ka kana share wa batir ƙura da hankicinka. Yanzu ka yi masa lafiyar da ba ya buƙatar ka."

Na yi dariya tare da shi. Amma na ajiye sauran akpukpar. Gaskiya ya faɗa. Duk awoyin da nake neman abin da zan yi don kada in tafi da wuri, a jikin injin nan na zuba su.

Juma'a, 19 ga Satumba, ƙarfe 6 na yamma

Kore. Na dafa shinkafa ta ƙone. Gidan nan ya yi mini yawa.

Litinin, 22 ga Satumba, ƙarfe 8 na safe

Hembadoon ta kira da labari. Terkimbi ya samu aikin da yake nema a Fatakwal. Ranar Lahadi 19 ga Oktoba za a kai jaririya coci a yi godiya, washegari su tafi su uku.

Na ce madalla. Na ce Allah ya sa alheri. Tana jiran sauran. Babu saura.

Na ƙirga a kalandar bango. Kwana ashirin da takwas. Kamfaninmu ba shi da ƙarfen da zai tura ni a Fatakwal.

Alhamis, 25 ga Satumba, ƙarfe 4 na yamma

Na yi abin da ban taɓa yi ba.

Na kira Gbenda, maigadin 47, tsaran haihuwata ne. Na ce, "Gbenda, janareton nan ba ya wani ƙara kuwa?"

"Yana ƙarar da ya saba."

"Matsa kusa ka saurara da kyau."

"Ga ni a jikinsa. Kamar kyanwa mai barci."

"Ba ya ɗan tari haka da safe?"

Ya ce, "Orngu, in ƙarya kake so in yi maka, faɗa mini irinta kawai, kada ka wahalar da kunnena." Ya ƙara da cewa jiya ya ga jaririyar, an fito da ita shan hantsi, wai tana murtuke fuska kamar mai bin duniya da faɗa. "Ba sai an tambayi jikar wa ce ba."

Bayan mun gama na buɗe wayar aiki na rubuta: maigadi ya ba da rahoton baƙon ƙara a janareton 47. Ni da na yi shekara arba'in ina dangwala yatsa a takarda, na sha wahala na koyi rubutu, yau ga abin da na rubuta da shi.

Minti biyu ba a yi ba amsa ta zo. An duba girgizar injin ta kwana talatin, babu sauyi. An rufe rahoto. Har da godiya a ƙasa.

Asabar, 27 ga Satumba, ƙarfe 7 na safe

Yau shekara huɗu.

Na cire ciyawar da ta fito a kan kabarin ɗana Bem, a bayan ɗaki. Damina ba ta da kunya, ko'ina take tsiro. Na gaya masa ƙanwarsa ta haihu. Na gaya masa maganar kunnuwa.

Shi da Terkimbi suka fita a kan babur ɗaya, Terkimbi ne ya rayu. Ba zan ƙara a kan wannan ba.

Talata, 30 ga Satumba, ƙarfe 3:20 na rana

RAWAYA! 47 rawaya! An yi tsawa a kan tudu, wani sashe na na'urar ya daina amsawa. Allah na gode! Ina sa riga. Zan tsaya kasuwa in sayi sabulu da hular jarirai.

Talata, ƙarfe 3:40

Kore.

Ƙafa ɗaya cikin takalmin ruwa nake lokacin da ya sauya. Mai Duba ta karkatar da masu kira zuwa ƙarfen da ke maƙwabtaka, ta kashe sashen daga can inda take, ta sake kunna shi, ya tashi. Minti goma sha ɗaya. Ba wanda ya san an yi wani abu a Tse-Agbera. Da can wannan aikin yini guda ne, da tsallake rafi biyu.

Na daɗe zaune a bakin gado da takalmi ɗaya. Sai da ruwa ya tsagaita na je kasuwar duk da haka. Hular ja ce mai ɗigon fari.

Kuma na ji kunyar godiyar da na yi wa Allah a kan tsawa. Akwai masu ciki a garin nan ban da 'yata.

Laraba, 1 ga Oktoba, ƙarfe 10 na safe

Hutu ne yau. Kore. Na wanke babur ɗin aiki wanda ba ya buƙatar wanki.

Juma'a, 3 ga Oktoba, ƙarfe 5:30 na yamma

Kwana biyar ba hoto. Na kira Hembadoon na ce ko kuɗin wayarta ya ƙare in turo. Ta ce, "Yana nan cike. Na daina ne. Yarinya ba katin zaɓe ba ce da za ka riƙa kallo a aljihu. Ta fara bin haske da ido, jiya ta riƙe mini yatsa ta ƙi saki. In kana son gani ka san hanya."

Na ce, "Kin san abin da na faɗa."

Ta ce, "Na sani, ina wurin. Ni ma ɗana ne, tsoho. Ni na haife shi. Ga ni nan ina kwana a gidan, rufin bai faɗo mini ba."

Na ce ana kira na a ɗaya wayar.

Litinin, 6 ga Oktoba, ƙarfe 9 na safe

Saura kwana goma sha huɗu. Kore.

Laraba, 8 ga Oktoba, ƙarfe 11 na safe

Takardar aiki ta fito wa 47. Na karanta sau uku, da tabarau da kuma ba tabarau.

Batir biyu daga cikin takwas sun fara rauni. Za su kai wata guda kafin su zama matsala. Za a sauya su ranar 28 ga Oktoba, ranar da motar kaya za ta bi ta hanyar. Ma'aikaci: Orngu T.

28. Su kuwa 20 za su tafi.

Na nuna wa Ochigbo. Ya karanta ya miƙo mini wayar. Can ya ce, "Wannan bokanyar ba ta da jika." Sai ya ce in je in ga Madam, shugabarmu. Na ce me zan ce mata? Ya ce, "Ka gwada gaskiya mana, tunda ɗayar ba ta yi maka aiki ba." Ashe har shi ya ji labarin rahoton. Gbenda ba ya riƙe ruwa a baki.

Alhamis, 9 ga Oktoba, ƙarfe 4:30 na yamma

Na je ofishinmu na Gboko wurin Madam Ebere, injiniyar da ke kan shiyyarmu. Sa'ar Nguavese ce, amma in ta sa tabarau sai ka gyara tsayuwa.

Na ce batiran 47 ba na son yadda suke, gara a sauya da wuri. Na kawo dalilai uku na sana'a, duk na shirya su a hanya.

Ta ce, "Zauna, Baba." Ta juyo mini da allon kwamfuta. "Ka san da aka kawo na'urar nan, da me aka koya mata aikin shiyyarmu? Da rahotanninku na shekara goma. Na sauran layi ɗaya ne, an duba, lafiya. Naka kuwa shafi guda, da launin hayaƙi, da warin mai, da ƙarfe nawa aka yi ruwa. Mutanen babban ofis sun tambaye ni ko kai injiniya ne. Rabin abin da ta sani a kan janareto, a wurinka ta ji."

Ban san inda zan sa fuskata ba. Da malamarmu tana raye!

Sai ta danna wani wuri. "Amma akwai abin da ta kasa ganewa, tun Yuli take ɗaga mini shi. Aikin da kake gamawa cikin minti arba'in a sauran ƙarafa, a 47 awa uku yake ɗaukar ka. Sau saba'in da ɗaya, ba fashi. Ta duba injin, ta duba hanya, ba ta ga dalili ba. Ga kuma rahoton ƙarar da ba a yi ba." Ta cire tabarau. "Baba, mace ce?"

Na ce, "Mata biyu ne yanzu."

Ta buɗe baki. Sai na fito da waya na nuna mata kunnuwan. Ta yi dariya har da buga tebur. Na gaya mata abin da zai faɗu, na bar wanda ba zai faɗu ba. Ba ta tona ba.

Ta ce ita ce ke da maganar ƙarshe, ba na'ura ba. Akwai batira biyu a sito, in zan iya ɗaure su a babur, ta mai da aikin Juma'a 17 ga wata. Ta danna, wayata ta yi ƙara a aljihu. Da na miƙe ta ce, "Rahoton nan kada a sake. In ka koya mata ƙarya, ranar da injin zai yi tari da gaske ba za ta yarda da kai ba." Na ce ba za a sake ba. Ta ce, "Kuma Baba, takardata shinge kawai take buɗewa."

A hanyar dawowa na yi ta waƙar coci da ƙarfi, masu lemo a bakin titi suna kallo na.

Lahadi, 12 ga Oktoba, ƙarfe 3 na rana

Na kira Nguavese da kaina. Muryarta ta yi ƙasa, irin ta wadda ba ta samun barci.

Na ce, "Uwata, Juma'a ina zuwa 47. Ƙarfe goma. Ki sa uwarki ta riƙo miki ita, tudun ba shi da tsawo."

Ina jin ɗan motsin jaririya kusa da wayar, kamar ɗan tsako.

Ta ce, "Baba, shekara uku ina kai maka abinci ta shinge kamar mai ziyarar gidan yari. Ina saukowa in tarar da mijina ya shiga ɗaki ya rufe, don kada ka hango shi ranka ya ɓaci. A gidansa. Ban taɓa ce maka komai ba."

Na ce, "To wannan karon kawai."

Ta ce, "Ni na ɗauka, don ni 'yarka ce. Ita ba za ta fara sanin kakanta ta ramin waya ba. Gidanmu yana da ƙofa."

Na ce za ki zo. Ta ce a gaida mutanen coci.

Za ta zo. Tun tana ƙarama haka take, ta yi fushi da safe, da rana ta kawo maka ruwa.

Talata, 14 ga Oktoba, ƙarfe 6 na yamma

Na karɓo batiran. Na yi aski. Hula da sabulu suna cikin jakar kayan aiki, na naɗe su a leda don kada su sha warin dizal.

Alhamis, 16 ga Oktoba, ƙarfe 6:30 na yamma

Gobe. Za ta zo.

Juma'a, 17 ga Oktoba, ƙarfe 11:15 na safe, a 47

Na gama tun goma da rabi. Ina zaune a wurina. An share ganyen da ke kan dutsen da take zama, Gbenda ne ya yi.

Daga nan ina ganin bayan gidan. An shanya ƙananan kaya a igiya, farare da rawaya, wasu ba su fi tafin hannuna ba. Ga hayaƙi daga madafa. Ga akwatuna biyu an fito da su rana.

Ƙarfe 12:05

Jaririyar ta yi kuka. Na ji da kunnena. Murya ce babba, ba irin ta waya ba. Na tashi na riƙe shingen. Wata ta yi mata waƙa, muryar Hembadoon ce, waƙar da take yi wa namu biyun. Sai kukan ya lafa.

Taku sittin.

Ƙarfe 1:30

Wayar aiki ta tambaye ni ko akwai matsalar da ta hana ni rufe aiki. Akwai wurin da ake danna e, akwai wurin a'a.

Gbenda ya miƙo mini gasasshiyar doya. Ya ce, "Mutanen da ka yi maganar a gabansu, uku sun mutu, biyu sun koma Zaki Biam. Saura ni. Ni kuwa kunnena ya fara nauyi, ban tabbata me na ji ba ranar." Na ce Allah ya ji. Ya ce, "Shi kam ya ji abin da ya fi wannan, bai fasa ba ka jika ba."

Juma'a, ƙarfe 6 na yamma, a gida

Ba ta zo ba. Hular tana cikin jaka.

Asabar, 18 ga Oktoba, ƙarfe 6:15 na safe

Na bar wayar aiki a kan tebur, da rigar kamfani, da makullin babur. Na sa zanen a'nger ɗina mai baƙi da fari. Zan hau na haya daga tasha.

Ban san me zan ce ba. Na gwada rubutawa, na yage shafi biyu.

Asabar, ƙarfe 5 na yamma, Tse-Agbera

Mai babur ya tambaya ko a ƙarfe zai sauke ni, don ya san ni. Na ce ya bi ta ƙasa.

Ban taɓa ganin gidan ta gaba ba tun ranar. Sun dasa lemo biyu, har sun fi ni tsawo. Terkimbi yana tsugune a ƙofa yana ɗaure buhu. Ya ɗago ya gan ni, igiyar ta faɗi daga hannunsa. Ya miƙe, ya waiga wajen tudu, ya sake kallo na.

Ya ce, "Baba, ƙarfen ne ya sake samun matsala?"

Na ce, "Lafiyarsa ƙalau."

Muka tsaya. Mata biyu masu ɗauke da ruwa suka tsaya su ma a kan hanya. Na bar su su kalla.

Na ce, "Ba za ka ce in shigo ba?"

Ya matsa gefe. Bakin ƙofar ɗan tudu ne na siminti, bai kai tsawon yatsa ba. Gwiwata ta hagu ce ta fara hayewa.

Hembadoon tana tsakar gida da muciya. Ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, "Sai yanzu? Wanke hannunka." Nguavese ta fito daga ɗaki ta ɗora mini ita a ƙirji, ta juya baya tana gyara ɗankwalin da ba abin da ya same shi.

Mimidoo ba ta kai nauyin filtar mai ba. Tana da ɗumi kamar burodin safe. Ta buɗe ido ɗaya ta murtuke mini fuska, na ce, "Amarya, ni ne, na yi latti." Hular ta yi mata yawa, ta rufe har hanci. Ta yi mini fitsari a kan a'nger, kowa ya yi shewa, na ce kada wanda ya wanke.

Da rana aka kawo sakwara kwano ɗaya, aka ajiye tsakanina da Terkimbi, matan suka shige ɗaki da gangan. Ba mu yi maganar ba. Na tambaye shi aikin Fatakwal, ya amsa. Sai na lura da hagu yake cin abinci. Na kalli hannunsa na dama. Daga gwiwar hannu ya karkace, yatsu biyu ba sa lanƙwasuwa, ga tabon ɗinki har kafaɗa.

Na ce, "Wannan fa?"

Ya ce, "Tun ranar ne, Baba."

Shekara huɗu. Duk garin nan sun san hannun nan, har mai sayar da gishiri. Ni kaɗai ban sani ba, don ban taɓa kallon sa ba.

Na gutsuro naman da ke gabana na tura gefensa. Ya daɗe yana kallon kwanon kafin ya ɗauka.

Litinin, 20 ga Oktoba, ƙarfe 9 na safe, tashar Adikpo

Motar ta yi awa biyu ba ta cika ba. Fasinjoji suna ta zagin direba. Ni kaɗai nake roƙon kada mutum na ƙarshe ya zo, don Mimidoo tana hannuna.

Ya zo, da buhun lemo.

Terkimbi ne ya karɓe ta ta taga, da hannun nan nasa. Ya ce, "Baba, ɗakin da aka ba mu ciki biyu ne. Ɗaya babu kowa."

Na ce Kirsimeti ina da hutun kwana goma, kuma ba wanda zan tambaya.